Baƙo Raɓa: Mako Guda da Kawu a Abuja

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Motar Kawu ta iso tashar Jabi bayan la'asar. Na hango shi tun kafin ya hango ni, hular sanyi har kunne, riƙe da 'yar jakar nan da yake zuba takardunsa tun ina yaro. Abu biyu suka taso shi daga Zariya: yanar da ta rufe masa idon hagu, da wata takardar fansho da aka ce sai mutum ya zo da ƙafarsa. Yayan mahaifiyata ne, shekarunsa 77, ya yi yaƙin basasa ya fito da igiyar kofur.

A hanyar Kubwa yana ta leƙen gine-gine ta cikin hazo. Ya ce lokacin da suke yaƙi nan duk dajin Gwari ne da duwatsu. Gaskiyarsa. Sai a 1976 Murtala ya yi dokar kafa birnin, gwamnati kuma ba ta taso daga Legas ba sai Disambar 1991. Garin nan ma ɗan yaƙin ne, don neman wurin da ba na kowa ba aka zo tsakiyar ƙasa.

Da dare na buɗe kwamfuta ina haɗa rubutun da aka nema a wurina kan cikar shekara 55 da ƙare yaƙin. Akwai wani hoto da na daɗe ina kallo: sojojin Biyafara sun ciccibo gawar wani ƙaton Bature. Kawu ya zo wucewa zai yi alwala, ya tsaya.

"Wannan ina ne?"

"Anaca, Kawu. Watan Nuwamba, 1968."

Ya matso da idonsa mai gani har kusa da gilashin. "To ai muna can."

Na ce masa sunan mamacin Marc Goosens, ɗan Beljiyam, ya yi Kwango kafin ya zo nan. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Su waɗannan da suka ɗauko shi fa, ya sunansu?"

Na duba ƙasan hoton. Akwai sunan mamaci, akwai sunan wanda ya ɗauki hoton, Bafaranshe Gilles Caron. Shi ke nan.

Juma'a, 10 ga Janairu

Mun yi Juma'a a Masallacin Ƙasa. Al'ada ce, Juma'ar da ta gabaci 15 ga wata a yi wa 'yan mazan jiya addu'a, ranar Lahadi kuma a yi a coci. Manyan hafsoshi suna sahun gaba. Kawu ya zauna can baya, takalmansa a ƙarƙashin gwiwa.

Bayan mun ci abinci ya ce in karanta masa labarin Turawan nan, tunda ni na san su a takarda. Na fara da wanda ya fi suna, Rolf Steiner. Bajamushe ne, an haife shi a Munich a 1933. Tun yana saurayi ya shiga rundunar baƙi ta sojan Faransa, ya yi yaƙi a Biyetnam da Aljeriya, ya kuma shiga cikin masu tayar da ƙayar baya don kada Aljeriya ta sami 'yanci. Ya iso Biyafara a ƙarshen 1967, daidai lokacin da wani tsohon hafsan Faransa, Roger Faulques, ya kawo mutum kusan 50. Waɗannan sun zo da tunanin Kwango, inda suka saba su shiga gari da motoci ana harbi sama mutane su watse. Sai suka tarar da soja mai igwa da motocin sulke na Ingila. Suka sha kashi a wajen Kalaba, farkon 1968 mafi yawansu suka tattara suka koma.

Steiner ya zauna, wasu 'yan tsiraru suka yi yaƙi tare da shi, ciki har da Taffy Williams da Goosens ɗin hoton jiya. Ojukwu, shugaban Biyafara, ya ba shi runduna ta huɗu ta kwamando, tambarinta ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Ya ce bai karɓi albashi ba, ya ma zama ɗan ƙasar Biyafara. 'Yan jaridar Turai suka yi ta binsa da kyamara. Ɗaya daga cikinsu, Frederick Forsyth, daga baya ya rubuta ƙagaggen labari a kan irin waɗannan mutane, The Dogs of War, ya fito a 1974, aka kuma yi fim ɗinsa.

Rundunar Steiner ce aka tura ta ƙwato Anaca a watan Nuwamban 1968. Da na kawo nan Kawu ya ɗaga mini hannu.

Ya ce su suna cikin ramuka, bindiga mai jigida a kafe, fili ne fetal a gabansu. Aka riƙa turo yara suna tahowa a tsaye, a share su, gobe a sake turo wasu. Ya ce wasunsu ko gemu ba su fara ba. "Ni dai ban ga Bature ko ɗaya da idona ba. Labarinsu muke ji, ana cewa harsashi ba ya cin su. Abin da ke hana mu barci bokitin Ojukwu ne." Nakiyar nan ke nan da masanan Biyafara suka ƙera a gida, su suna ce mata ogbunigwe, a ɗura mata ƙusoshi da tarkacen ƙarfe da duwatsu. Babu hannun Bature a cikinta, kuma ita ce ta fi ci wa sojan tarayya tuwo a ƙwarya.

Harin bai yi nasara ba. Goosens ya mutu a ciki. Kafin shekarar ta ƙare Steiner ya ɓata da Ojukwu, aka sa shi a jirgi aka fitar da shi. Bai daddara ba, ya faɗa kudancin Sudan wajen 'yan tawayen Anyanya. Yuganda ta kama shi ta miƙa wa Sudan, aka yi masa shari'a a Khartum a 1971, aka yanke masa kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 20, aka sake shi a 1974 ya koma Jamus ya rubuta littafi.

Kawu ya yi shiru yana sakace. Can ya ce, "Ka ga shi yana da jirgi. Yaran da aka turo bakin bindigarmu, wane jirgi ya zo ɗaukarsu? Baƙo raɓa ne, ɗan nan."

Na so in ce masa ai Goosens bai samu jirgin ba. Ban faɗa ba, don na tuna shi an ɗauko gawarsa daga filin, an kuma san sunansa.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kai shi cin gasasshen kifi a kasuwar mami ta Barikin Mogadishu. 'Yata ƙarama ta maƙale sai ta bi "mijinta", suna ta tsiya a mota, tana ce masa tsoho mai ido ɗaya, yana ce mata ya fasa auren.

Sunan barikin ya ba shi dariya. Na ce ai akwai Barikin Lungi ma a garin nan, sunan filin jirgin Saliyo. Sojanmu sun je Kwango daga 1960, sun je Laberiya a 1990, sun je Saliyo, sun je Somaliya. Ya ce samanjan da ya horar da su a Zariya a 1967 ɗan Boma ne, Turawan Ingila suka kwashe su a jirgin ruwa suka kai su dajin da ba su taɓa jin sunansa ba su yaƙi Japan. Wato mu ma mun sha zama baƙi a yaƙin wasu. Bambancin da ake faɗa shi ne mu gwamnati ce ta aike mu, da tuta da lamba. Mutumin Manrobiya da aka rushe wa gida bai tambayi wannan ba.

Daga nan ya shiga zancen da ban taɓa ji a bakinsa ba. Sojan Najeriya kafin yaƙi bai fi dubu 10 ba, ya ƙare yaƙin yana kusan dubu 250. Ina aka samo mutanen? Ya ce duk wanda ya zo da ƙafa biyu da hannu biyu an ɗauke shi, horon 'yan makonni a tura shi. A rukuninsu akwai dogaye baƙaƙe daga Cadi, masu tsaga a fuska, Hausarsu a karye. Akwai 'yan Nijar daga wajen Maraɗi da Damagaram, waɗanda ci-rani ya kawo su Kano suka ji ana ɗaukar soja da albashi. Wurin rubuta suna kowa ya ce shi ɗan Maiduguri ne ko ɗan Daura, magatakarda ya rubuta. Mutanen gabas har yau suna tuna dogayen nan da sunan gwodo-gwodo, cikin tsoro.

Waɗannan su ne baƙin da suka fi yawa a yaƙin, in ka bi ta bakin Kawu, kuma ba su da littafi ko fim. Ya ce akwai ɗaya da suke kwana rami guda, ya mutu a kan hanyar Anaca zuwa Inugu. Babu wanda ya san garinsu na gaskiya, saboda haka babu inda aka aika da saƙo. Wataƙila uwarsa ta mutu tana cewa yana Kano yana dako.

Na kawo zancen Asaba, inda sojojin runduna ta biyu suka tara maza farar hula suka harbe a watan Oktoban 1967. Ya ce shi bayan nan aka kai shi. Ya ɗauki ƙayar kifi yana juyawa a faranti, bai ƙara ba. Ni ma ban ƙara ba. Amma in rubuta a nan don kaina: kisan Ibo a garuruwan Arewa a 1966, da na Asaba, da yunwar da ta cinye yara, babu wanda aka yi hayar Bature ya yi. Da hannunmu muka yi. Zancen sojan haya yana da daɗi a baki saboda yana kawar da ido daga nan.

A hanyar gida na tuna masa yau shekara 55 ke nan da Ojukwu ya tashi daga filin jirgin Uli ya tafi Kwaddibuwa, ya bar wa mataimakinsa Philip Effiong ragowar. Kawu ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Ashe shi ma yana da jirgi!" Ya dawo a 1982 bayan Shagari ya yi masa afuwa.

Ya ce yana da aboki a Sabon Garin Zariya, Ibo ne mai sayar da kayan gyaran mota, ya yi sojan Biyafara. Sun fi shekara 40 suna zama benci ɗaya. Sun gano tun tuni cewa a wata guda suna Anaca, kowa a nasa gefen. Ba sa zancen.

Lahadi, 12 ga Janairu

Rana irin ta yau Effiong ya yi jawabi a rediyo ya ce a ajiye makamai. Sanyi ya hana mu fita. Na yini a kan yaƙin sama, don can ne baƙi suka yi tasiri na gaske, kuma can ne namu ɓangaren ba shi da bakin magana.

Najeriya ta shiga yaƙin ba ta da jirgin yaƙi na kirki. A watan Agustan 1967 Tarayyar Sobiyet ta fara sauke jiragen MiG a filin jirgin Kano. Jirgi ya samu, matuƙa babu. Masar ta Gamal Abdel Nasser ta aiko da nata, aka kuma yi hayar Turawan Ingila da na Afirka ta Kudu, a lokacin da muke zagin mulkin wariyar launin fata a kowane taro. Bama-bamai da yawa a kasuwanni da asibitoci suka faɗa. Marubuta da dama sun yi zargin cewa matuƙan haya ba su taɓa son su rufe filin Uli gaba ɗaya ba, don ranar da ya rufu yaƙi ya ƙare, albashi ya tsaya, ga shi kuma masu saukar da kaya a can da dare abokan shan giyarsu ne na Kwango.

Biyafara ta fara da Jan Zumbach, mutumin Foland da ya yi suna a yaƙin duniya na biyu, da wani tsohon jirgi samfurin B-26 da ya kai hari filin jirgin Makurɗi da shi. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Carl Gustaf von Rosen na Suwidin. Wannan ba za a ce masa ɗan neman kuɗi ba. Tun 1935 yake tuƙa jirgin ɗaukar majinyata a Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta. A watan Agustan 1968 ya shigo da abinci Uli daga tsibirin Sao Tome, yana tafiya ƙasa-ƙasa don kada a hango shi. Abin da ya gani na yara masu kumburin ciki ya sa ya koma gida ya nemo ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyar, aka haɗa su a Gabon, aka ɗaura musu rokoki. Ranar 22 ga Mayu, 1969 suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal, bayan kwana biyu Benin, sannan Inugu, suka lalata jirage a ƙasa. Mutum biyar suka tuƙa su. Uku 'yan Suwidin ne, biyu 'yan Biyafara, Augustus Okpe da Willy Murray-Bruce, amma sunan dattijon kaɗai duniya ta riƙe.

Ranar 5 ga Yuni jirgin yaƙin Najeriya ya harbo jirgin agaji na Red Cross a wajen Eket. Ƙungiyar ta dakatar da jigilarta, abincin da ke shiga ya ragu. Von Rosen don yaran ya ɗauki makami, kuma yaran ne suka biya. Ban ce shi ya harbo jirgin ba, alhakin wannan yana wuyan wanda ya harba da wanda ya ba da umarni. Amma mutumin da tausayi ya kawo shi ya ƙara wa wutar itace kamar yadda na kuɗi ya ƙara, yaƙin kuma ya sake cin wata bakwai.

Na fassara wa Kawu wannan. Ya ce, "Allah Ya saka masa da niyyarsa." Ya juya ya ci gaba da jan carbi.

Litinin, 13 ga Janairu

Ofishin da Kawu ya zo dominsa. Mun isa bakwai da rabi, muka tarar da tsofaffi sun fi talatin a kan benci, wasu da sanda, ɗaya an turo shi a keke. Aka ce na'ura ba ta aiki. Sha biyu ta yi aka ce ta tashi, aka ɗauki hoton yatsun mutum shida, ta sake kwantawa. Yatsun Kawu ma da aka zo kansa na'urar ta ƙi karantawa, noma ya cinye zanen. Wata yarinya mai kirki ta ba shi man shafawa ya murza, aka samu babban yatsa ɗaya. Sauran aikin, a dawo.

Motata tana wajen bakanike, don haka tasi muka hau. Direban saurayi ne ɗan wajen Kafanchan, ya gama digiri shekara huɗu ke nan. Da ya ji Kawu tsohon soja ne sai ya saki baki. Ya ce akwai wanda ya yi masa hanyar Rasha, aikin gadi, albashi da dala, bayan shekara guda a ba ka takardar zama ɗan ƙasa. Na ce ya san gadin nan yakan zama bakin daga? Ya ce ya sani. "Oga, nan ɗin ma mutuwa muke, sai dai a hankali."

Na tuna watan Maris na 2022, mako guda da fara yaƙin Yukren, matasa sama da 100 suka je ofishin jakadancin ƙasar a nan Abuja suna neman a rubuta sunansu. Sai da Ma'aikatar Harkokin Waje ta fito ta ce Najeriya ba za ta yarda a ɗebi 'yan ƙasarta a matsayin sojan haya ba. Su Yukren 'yan sa-kai suke kiransu. Rasha ta ce sojan haya ne. Yau ga wani yana shirin tafiya ɗaya gefen, sunayen kuma za su juya. Haka abin yake tun zamanin Steiner: rediyon Biyafara ya ce masa aboki, rediyon Kaduna ya ce masa ɗan haya.

Kawu ya dafa kafaɗar yaron daga baya. Ya ce, "Samari, in za ka je, ka rubuta sunan garinku na gaskiya da sunan mahaifiyarka ka sa a aljihu. Shi ke nan abin da zan ce maka." Yaron ya yi dariya, amma da muka sauka ya ƙi karɓar kuɗin Kawu, ya ce in biya nawa kawai.

Da dare na yi ta lissafi. A farkon 2015, da Boko Haram ta riƙe ƙananan hukumomi a Borno aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, gwamnatin Jonathan ta kawo kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon hafsan sojan Afirka ta Kudu wanda ya kafa Executive Outcomes da ta yi yaƙi a Angola da Saliyo. Gwamnati ta ce masu horarwa ne. An ƙwato garuruwa a 'yan makonnin nan, kwangila ta ƙare, suka tafi, yaƙin yana nan har yau. Mali ta kawo Wagner a ƙarshen 2021, a watan Yulin bara aka kashe musu mutane da dama a Tinzawaten. Sojan Rasha sun sauka Yamai a watan Afrilun bara. A Darfur tsofaffin sojojin Kolombiya ake samu a gefen dakarun RSF. Kasuwar ba ta taɓa tashi ba, 'yan kasuwar ne ke canzawa.

Talata, 14 ga Janairu

Asibiti. Likita ta ce yanar ta nuna, za a cire bayan ƙaramar sallah. Kawu ya ce ido ɗaya ma ya ishe shi ganin abin da ya rage.

Muna jiran magani na karanta abin da doka ta ce. Najeriya ce ta kai shawarar a taron Janeba, aka sa sashe na 47 a ƙarin yarjejeniyar 1977, wanda ya hana sojan haya matsayin fursunan yaƙi. Shekara guda kafin nan Angola ta gurfanar da 13 a Luwanda, ta harbe huɗu. Sai dai ma'anar da aka ba kalmar tana da ƙofofi da yawa: sai an tabbatar kuɗi ne ya kawo mutum, an biya shi fiye da sojan gida nesa ba kusa ba, ba ɗan ƙasa ba ne, ba a kuma sa shi cikin rundunar ƙasar ba. Da wannan ma'auni Steiner ya fita, von Rosen ya fita, na 2015 ma sun fita.

Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta sa hannu a tata yarjejeniyar ranar 3 ga Yuli, 1977, a Libreville, babban birnin ƙasar da aka haɗa jiragen von Rosen. Bayan kwana goma aka kashe von Rosen a Gode, a yankin Ogaden na Habasha, inda yake jefa wa masu yunwa abinci daga sama. Wannan karon bai hau jirgin ba. Na gaya wa Kawu, don in ga ko zai janye maganarsa ta raɓa. Ya ce, "To wannan ya zama ɗan gari."

Laraba, 15 ga Janairu

An rufe hanyoyin da ke kewaye da Dandalin Eagle tun safe. Na yi niyyar mu matsa kusa, Kawu ya ce ba shi da katin gayyata kuma ƙafarsa ba ta son tsayuwa. Muka kalla a talabijin. Ya sa farar riga, ya maƙala lambobinsa biyu da ya zo da su a cikin jakar takardu, ya zauna a kujera ya miƙe baya.

Aka busa ƙaho, aka yi shiru na minti ɗaya, aka harba bindiga. Manya suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba, aka saki fararen tattabaru. 'Yata ta tambayi me ya sa ba a san sunansa ba. Kawu ya ce mata ai shi ya san sunan, ɗan Cadi ne, dogo, yana son shayi da sukari da yawa. Ta ɗauka wasa yake.

Ranar nan tana da nauyi biyu a Arewa. A 15 ga Janairu, 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas. A 15 ga Janairu, 1970 Effiong ya miƙa wuya ga Gowon a Barikin Dodan, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Tsakanin ranakun biyu an rasa rayukan da har yau ba a ƙidaya ba, ƙiyasin da aka fi ambata ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, akasarinsu yunwa ce ta kashe su. Turawan da suka mutu da bindiga a hannu a wannan yaƙi ba su cika motar bas ɗaya ba, kuma kusan kowannensu ana iya nemo sunansa da garinsu.

Rubutun da aka nema a wurina a kan Turawan ne. Na buɗe shi da yamma na karanta, na ga na ba Steiner shafi biyu, na ba von Rosen biyu, sojan ƙasa kuma layi uku. Ni ma na bi sahun Caron da Forsyth ban sani ba. Na kira editan na ce a ƙara mini mako guda.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kafin mu fita tasha Kawu ya ce in buga masa hoton nan a takarda. Muka tsaya wani shago a Kubwa aka buga, naira 500, aka sa masa a leda. Na zaci don tunawa yake so. Ya ce a'a, abokinsa na Sabon Gari zai kai wa, ya sa tabarau ya duba da kyau, ko zai gane fuska ɗaya a cikin waɗanda suka ɗauko gawar.

Ya zura shi cikin jaka tare da takardar fanshon da aka ce ya dawo da ita. Motar Zariya ta cika tara da kwata, suka tashi.